Diyya Babu Mai Kisa: Maganar 'Yan Asawase Bakwai



Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin wasu manyanmu. Duk sa'ad da aka tayar da zancen samarin Asawase bakwai sai a jefo ta kamar ana rufe tukunya: "Ai an biya diyya, a bar wa Allah." Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Ba ta da gindi a dokar Gana, ba ta da gindi a fikihun da ake karantawa a zaurukanmu, kuma duk wanda ke maimaita ta, ko da kyakkyawar niyya yake yi, yana taya hukuma binne abin da bai kamata a binne ba.

Ga waɗanda suke yara a lokacin, ga yadda abin ya faru. Ranar 17 ga Yuli, 2018, 'yan sandan jihar Ashanti suka harbe mutum bakwai a yankin Manso Nkwanta, cikin gundumar Amansie ta Yamma. Rundunar ta fito ta ce 'yan fashi ne, sun yi musayar wuta da jami'anta, kuma suna cikin waɗanda ake nema saboda kisan wani ɗan sanda da 'yan fashi suka yi a yankin kwanaki kaɗan kafin nan. Da labari ya iso Kumasi, Asawase ta gane 'ya'yanta. Iyaye da maƙwabta suka ce atafau waɗannan ba 'yan fashi ba ne. Matasa suka cika titi, aka ƙona tayoyi, gari ya ɗauki zafi. Malamai da sarakunan zango suka shiga tsakani, suka lallashi yara su koma gida bisa alkawarin cewa za a yi bincike, kuma yaran suka ji maganar manya suka koma. A riƙe wannan da kyau, domin zango ya cika nasa ɓangaren alkawarin tun a makon farko.

Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Obeng Diawuo. A watan Nuwamba na wannan shekarar ta sanar da abin da kwamitin ya gano: babu wata hujja a gabansa da ke tabbatar da cewa mamatan 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da 'yan sanda. Aka ba da umarnin dakatar da jami'ai 21 daga aiki, aka ce sashen binciken manyan laifuka, wato CID, ya buɗe binciken laifi a kansu. Daga baya aka ba kowane gida sidi 250,000, jimla sidi 1,750,000. Daga nan sai shiru. Shekara ta bi shekara, an yi zaɓe sau biyu, an canza Sufeto Janar fiye da sau ɗaya, mulki ya tashi daga hannun wata jam'iyya ya koma hannun wata, amma babu kotun da ta yanke hukunci a kan jinin nan.

To, mu fara da kalmar diyya, tun da da ita ake rufe mana baki.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin jini ya san diyya tana da ƙa'ida. Ana fara tabbatar da wanda ya yi kisa, da yadda ya yi shi, ganganci ne ko kuskure. Sa'an nan waliyyan jini su zaɓa, ko su nemi hukunci ko su yafe. Yafiya tana buƙatar wanda za a yafe wa. Ba a yafe wa iska. Kuma a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, ko waliyyai sun yafe wa mai kisan ganganci bai kuɓuta haka nan ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren karatu a zango da ba a santa ba, ta ɗora masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, domin jama'a ma suna da nasu haƙƙin a kan wanda ya zubar da jini, kuma wannan haƙƙi ba ya hannun iyayen mamaci balle su sarayar da shi.

Sa'an nan mu duba aljihun da kuɗin ya fito. Daga baitulmalin ƙasa ya fito, wato daga harajin mai sayar da waake a bakin titi da direban tasi da mahaucin kasuwa, har da dangin mamatan kansu. Yaushe ne hukuma ke biyan jini daga aljihunta? Misalin da malamai suka fi kawowa shi ne na Abdullahi ɗan Sahal, wanda aka tsinci gawarsa a Haibara aka kasa tabbatar da wanda ya kashe shi, sai Manzon Allah (SAW) ya biya raƙuma ɗari daga wajensa don kada jinin ya tafi a banza. Wannan hanya ce ta ranar da mai kisa ya ɓace. A Manso Nkwanta kuwa babu wanda ya ɓace. Rundunar da kanta ta fito ta ce jami'anta ne suka yi harbi. Akwai littafin da ake rubuta wanda ya fita aiki, akwai littafin da ake rubuta wanda ya karɓi bindiga da adadin harsashin da ya karɓa, akwai sunaye 21 a takarda. Hukumar da ke riƙe da duk wannan ta biya kuɗi kamar wadda ba ta san kowa ba. Abin da aka bayar taimako ne ga marayu da zawarawa, kuma sun cancanci fiye da haka. Ba mu zargin gida ko ɗaya da ya karɓa. Wanda aka kashe masa mai ciyar da shi ba ya buƙatar wa'azinmu. Amma a daina kiran abin da sunan da zai sa a ɗauka an gama shari'a.

A ɓangaren dokar ƙasa ma maganar ba ta tsaya ba. Kisa a Gana laifi ne a kan Jamhuriya, shi ya sa idan an kira ƙara a kotu sunan Jamhuriya ake kira, ba na uban mamaci ba. Ba a sasanta shi a fada, ba a sasanta shi a masallaci, kuma ba ya ruɓewa don shekaru sun wuce. Sashe na 13 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana ɗaukar ran mutum da gangan. Gaskiya ne sashen ya buɗe ƙofa ga amfani da ƙarfi wajen kare rai ko dukiya, ko kama mai laifi, ko kwantar da tarzoma, kuma a ganinmu ƙofar ta yi faɗi da yawa. Duk da haka ya gindaya sharaɗi, cewa ƙarfin ya zama wanda hankali zai karɓa a wannan yanayi. Wa zai auna wannan? Ba mai magana da yawun rundunar ba, ba ministan watsa labarai ba, ba ma kwamitin alƙali ba, domin kwamiti ba ya ɗaure kowa ba ya wanke kowa. Babbar kotu ce, da alƙali da mutum bakwai daga cikin jama'a masu taya shi yanke hukunci, kamar yadda ake yi wa duk ɗan ƙasar da ake tuhuma da kisa.

Mu ƙaddara ma, don a yi wa masu musu adalci, cewa mamatan 'yan fashi ne. Hukuncin fashi da makami a ƙasar nan ɗauri ne wanda bai gaza shekara 15 ba, bayan an gurfanar da mutum an ba shi damar kare kansa. Rabon da Gana ta zartar da hukuncin kisa tun 1993. A Yulin 2023 majalisar dokoki ta cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuka, ta mayar da shi ɗaurin rai da rai. Ke nan ƙasar da fiye da shekara 30 ba ta kashe wanda alƙali ya tabbatar wa laifi ba, ita ce jami'anta suka kashe bakwai a rana ɗaya waɗanda ko ƙofar kotu ba su taka ba. Idan aka bar wannan ya wuce, an ba ƙaramin jami'i mai bindiga ikon da aka hana alƙalin kotun ƙoli.

Akwai wani al'amari da ya kamata mu ajiye kusa da namu mu dube su tare, ko da zai yi ɗaci. Ranar 29 ga Mayu, 2017, mutanen Denkyira-Obuasi suka yi wa wani hafsan soja, Maxwell Mahama, taron dangi har suka kashe shi. Dalilinsu shi ne sun ga bindiga a jikinsa sun ɗauka ɗan fashi ne. Ƙasa ta girgiza, kuma ya dace ta girgiza. Mu ma mun yi baƙin ciki tare da kowa. Aka ƙara masa girma zuwa Manjo, majalisa ta yi doka ta kafa asusu don kula da matarsa da 'ya'yansa, aka kafa gunkinsa a Ankara. Shin wani ya ce tun da an kafa asusu a bar wa Allah? Ko kusa. Aka gurfanar da mutum 14. Shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru amma ba a sake ta ba, har a Janairun 2024 aka samu 12 da laifi aka yi musu ɗaurin rai da rai, aka sallami biyu. Zargi iri ɗaya ne, "mun ɗauka ɗan fashi ne". Da talakawa suka faɗe shi a kan mai kaki, doka ta ce ba hujja ba ne, ta bi su har gida. Da masu kaki suka faɗe shi a kan talakawa bakwai, sai aka rubuta caki. Shari'ar Manjo Mahama ta nuna ana iya haɗa kuɗi da kotu, kuma ta nuna kotu tana iya wanke wanda ba shi da laifi.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ba mu ce jami'an nan 21 duk masu laifi ne ba. Ba mu da ikon faɗin haka, kuma abin da muke ƙi a yi wa 'ya'yanmu ba za mu yi wa 'ya'yan wasu ba. Mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda tuƙi kawai ya yi, akwai wanda bai ɗaga bindiga ba. Irin wannan shi ma an zalunce shi, domin an bar shi da tabon da babu alƙalin da ya goge masa.

Me ya sa fayil irin wannan ke mutuwa a hanya? Ba sai an nemo wani mugu guda ba, tsarin ne aka gina shi haka. Idan ɗan sanda ya kashe mutum, CID ce za ta bincika, ita kuwa CID sashe ce ta rundunar, a ƙarƙashin Sufeto Janar ɗaya, albashi ɗaya, bariki ɗaya. Mai bincike yau, gobe ana iya tura shi aiki a ƙarƙashin wanda ya bincika. Ofishin karɓar ƙorafi a kan 'yan sanda, wanda aka fi sani da PIPS kafin a sauya masa suna, shi ma ɗaki ne a cikin gidan. An ba kura ajiyar nama. Idan fayil ya tsira daga nan sai ya tafi wurin Antoni Janar, wanda sashe na 88 ya damƙa wa ikon shigar da duk ƙarar laifi. Shi kuma minista ne a gwamnatin da ke mulki, kuma idan iyalan mamaci suka kai gwamnati ƙara neman haƙƙi, shi ne lauyan da zai tsaya ya kare ta. Mutum ɗaya ake so ya tuhumi jami'an da safe, ya kare aikinsu da yamma. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, tana iya bincike ta ba da shawara, amma ba ta shigar da ƙarar kisa. Akwai kuma dokar 1960 da ta ba majistare na gunduma ikon binciken musabbabin duk mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba, sai dai shi ma da rahoton 'yan sanda yake fara aiki. Duk ƙofar da ka bi, ɗakin da ka baro za ka koma.

Wasu ƙasashen nahiyar nan sun gane haka. Kenya ta yi doka a 2011 ta kafa hukuma mai zaman kanta, IPOA, wadda farar hula ke jagoranta, aikinta binciken kisa da rauni a hannun 'yan sanda. Afirka ta Kudu tana da tata, IPID. Ba mu ce sun zama aljanna ba. Har gobe 'yan sandan Kenya suna harbin masu zanga-zanga. Amma a 2019 wata kotu a Nairobi ta yanke wa shugaban ofishin 'yan sanda na Ruaraka hukuncin kisa saboda mutuwar wani mutum da ke tsare a hannunsa, bayan binciken wannan hukuma. A Gana ƙungiyoyin kare haƙƙi sun daɗe suna kiran a kafa irinta, 'yan siyasa suna gyaɗa kai idan suna adawa, su manta idan sun hau.

Za a ce mana 'yan sanda ma ana kashe su. Haka ne. Wanda aka kashe a yankin Manso kafin wannan rana shi ma ɗan wasu ne, kuma hanyoyin ƙasar zinariya ba wurin wasa ba ne. To amma ina waɗanda suka kashe shi? Idan bakwai ɗin nan ba su ba ne, kamar yadda kwamitin alƙali ya kasa samun hujjar cewa su ne, to jininsa ma ya tafi, domin an rufe nasa fayil da gawarwakin da ba su da alaƙa da shi. Za a kuma ce mana a zango akwai ɓata-gari. Akwai, kamar yadda suke a Bantama da Ashaiman da ma unguwannin masu kuɗi, inda ake sata da biro. Mu ne muka fi kowa shan wahalarsu, domin a lungunanmu suke kwana. A kama su, a kai su kotu cikin awa 48 kamar yadda sashe na 14 ya ce, wanda kotun ƙoli ta tabbatar a 2019 cewa har Asabar da Lahadi da ranakun hutu suna cikin lissafi. Wanda ya ga an harbe "'yan fashi" a labarai ya yi tafi ba tare da ya tambayi wane alƙali ne ya kira su haka ba, ya tuna cewa a ranar 17 ga Yuli ma wasu sun yi tafi kafin a san ko su wane ne.

Kuma shirun da aka yi bai tsaya a Manso Nkwanta ba. A ƙarshen Yunin 2021, a Ejura, matasa suka fito bayan jana'izar ɗan fafutukar nan da aka fi sani da Kaaka, jami'an tsaro suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu, wasu suka jikkata, kyamara tana ɗauka. Aka kafa kwamiti, wannan karon na Mai Shari'a Koomson, aka ba da shawarar biyan kuɗi. A Mayun 2022 Nkoranza ta tashi saboda wani matashi da ya mutu a hannun 'yan sanda, shi ma aka ce ɗan fashi ne, kuma shi ba ɗan zango ba ne, don kada wani ya ce ƙabilanci muke kuka. Wata guda bayan haka, ɗaliban babbar sakandaren Islamiyya ta Kumasi suka tare hanya saboda motoci suna yawan buge mutane a ƙofar makarantarsu, aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka yi harbi, aka kwashi yara zuwa asibiti. Aka cire mataimakin kwamandan jiha, aka dakatar da wasu. Kwamiti, dakatarwa, caki, shiru. Jami'in da ya ga an bi wannan hanya sau uku ya riga ya san iyakar abin da zai same shi.

Abin da ke ƙara mana ciwo shi ne wannan runduna ba baƙuwarmu ba ce. Hausawan da Kyaftin Glover ya tara a Legas su aka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga irinsu aka gina rundunar da Turawa suka yi ta kira da sunan Hausa a wannan ƙasa. Shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki, kuma tsofaffin soja da 'yan sanda suna cikin waɗanda suka raya zanguna da dama. Ba tarihin alfahari ba ne gaba ɗayansa, domin sandar Bature ce suka riƙe. Amma a 1969, da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi, zanguna ne aka fi bi gida gida ana neman takarda. Tun daga lokacin akwai wani kallo da ake yi wa ɗan zango, na wanda sai ya kawo shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne kuma mutumin kirki. Wannan kallo ne ya sa aka iya cewa "'yan fashi" a kan mutum bakwai, rabin ƙasa ta gaskata tun kafin a wanke gawa.

Yanzu ga maganar da wasu ba za su so ji ba. Ba za a ce ba mu da mutane a sama ba. A 2018 mataimakin shugaban ƙasa shi ne Dakta Mahamudu Bawumia, Musulmi ɗan arewa, kuma shi ne ke shugabantar majalisar kula da 'yan sanda a lokacin. A wannan lokacin akwai ma'aikata sukutum mai ɗauke da sunan zango. An samu kwamiti, an samu kuɗi, ba a samu kotu ba. A wancan lokaci ɗan majalisar Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, yana ɓangaren adawa, kuma ya ɗaga murya ƙwarai a kan wannan kisa. Ba mu manta masa ba. Tun farkon 2025 shi ne ministan harkokin cikin gida, rundunar 'yan sanda tana ƙarƙashin ma'aikatarsa. Tambayar da ya yi ta yi wa wasu, yau amsarta tana cikin ofisoshin da ke gaishe shi da safe. Gwamnatin da yake ciki, tana hawa ta umarci Sufeto Janar ya binciki kashe-kashen zaɓen 2020 da na 2024. Madalla. Hannun da ya iya buɗe fayil ɗin Techiman zai iya buɗe na Manso Nkwanta.

Don haka abin da muke nema a bayyane yake, kuma kowane limami da sarkin zango da shugaban matasa zai iya faɗinsa a gaban duk ɗan siyasar da ya zo gaisuwar Salla da buhun shinkafa. A gaya wa jama'a inda binciken CID a kan jami'ai 21 ya tsaya, da ranar da aka aika fayil wurin Antoni Janar, da abin da ya ce a kansa. Idan ya ga akwai hujja, a shigar da ƙara. Idan ya ga babu, ya fito ya faɗa da bakinsa, ya bayyana yadda mutum bakwai da ba a tabbatar sun yi harbi ba suka mutu da harsashin gwamnati ba tare da kowa ya yi laifi ba. A faɗa mana kuma su jami'an suna ina yau, a dakace suke, ko sun koma aiki, ko an ƙara musu igiya. Sa'an nan 'yan majalisar da ƙuri'un Asawase da Nima da Madina da Ejura suka kai su Ankara su kawo ƙudurin hukumar bincike mai zaman kanta, wadda babu mai kaki a shugabancinta, mai ikon isa wurin da aka yi harbi ta karɓi bindigogi da littafin aiki a ranar, kafin kowa ya taɓa su.